Mai rawar bale ba ta tsayawa a sama

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a sakandare. Makon jiya wata ɗalibata ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini bidiyon mai rawar bale (ballet, wata rawar Turawa) da ta yi tsalle, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, irin wanda Faransawa ke kira grand jeté. Ta ce, "Malam, ka ce ƙasa tana jan kowa. To ga wadda ta tsaya a sama." Ka ba ni fili in amsa mata a nan, don na san ba ita kaɗai ke wannan zato ba.

Da zarar ƙafa ta bar ƙasa, babu abin da mai tsalle za ta iya yi wa cibiyar nauyin jikinta, wato wurin da nauyin jiki duka yake daidaita a kansa. Cibiyar tana tashi ta lanƙwaso ta sauko, kamar dutsen da aka jefa, ƙasa na ƙara mata saurin faɗuwa da mita 9.8 a sakan, kowane sakan. Idan cibiyar ta tashi santimita 30, duk zaman sama bai wuce rabin sakan ba. Mun ƙirga hotunan bidiyon ɗaya bayan ɗaya a aji, kusan haka muka samu.

Amma fa ido bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Rabin wannan lokaci ana yin sa ne a kashi ɗaya bisa huɗu na tsayin tsallen, can wajen ƙololuwa, inda tafiya ke raguwa. Sannan ga gwanintar, wadda ta fi burge ni: tana kaiwa sama sai ta ware ƙafafu ta ɗaga hannuwa. Nauyin gaɓoɓin ya hau, cibiyar ta matsa daga wajen ƙugu zuwa sama, don haka kai da kafaɗa ba sai sun ƙara tashi ba. Suna tafiya kusan a miƙe, mu kuma kai muke kallo. Kenneth Laws, masanin fiziks ɗan Amurka da shi ma ya koyi rawar, ya yi wannan bayani a littafinsa na 1984.

Na sa yaran su lura da saukarta: yatsu, tafin ƙafa, diddige, sannan gwiwa ta lanƙwashe, don ƙarfin bugun ƙasa ya rarrabu kada ya faɗa wa gaɓa lokaci guda.

Roƙona, Edita, ku buɗe shafin kimiyya na mako-mako da zai riƙa warware irin waɗannan tambayoyi da Hausa. Ɗalibar tawa ta riga ta turo ta gaba: me ya sa mai juyi ke ƙara sauri idan ta naɗe hannuwa?

Naka,
Malamin fiziks