Sulhun gonaki a ƙauyukan Sin: kada rufin asiri ya danne mata

Ya mai girma Edita,

Na karanta rahoton jaridarku kan yadda ƙauyukan Sin ke sasanta rikicin gona. Ƙasar noma a can ta al'ummar ƙauye ce, iyalai suna riƙe da ita ne da yarjejeniyar shekara 30. Idan maƙwabta biyu suka yi sa-in-sa kan iyaka, kwamitin sulhu zai zauna da su kyauta, a sha shayi, wani ya ɗan janye taki biyu, a tashi ba wanda aka kunyata. Wannan mutuncin suke kira "mianzi", kuma ina yaba shi.

Abin da ya dame ni shi ne macen da ta yi aure a wani ƙauye. Sau da yawa ana cire sunanta daga rabon gona ko diyya, sannan a roƙe ta ta yi haƙuri kada ta tona asirin 'yan'uwanta. Mutuncin wa aka kare a nan?

Dokar sulhu ta 2010 ta yarda ɓangarorin su kai yarjejeniyarsu kotu ta tabbatar cikin kwana 30. Ya kamata a riƙa yin haka duk inda rabon mace ya shigo, a kuma sa mata cikin masu sulhun. Ku bibiyi labarinsu, don Allah.

Naku,
Mai karatu daga Zariya