Zuwa ga mutumina na Agege

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amarya da yara. Saƙonka na tambayar farashin riɗi ya iso, zan amsa maka a wani saƙon. Amma bari in ba ka labarin abin da ke cina, don in na jira sai ka zo sallah, labarin zai huce.

Ka tuna kwamfutocin nan da aka jibge a sito bayan ofishin shugaban makaranta, waɗanda kowa ya ce sun mutu? To uku sun tashi, kuma biyu da hannuna na tashe su. Ɗan bautar ƙasar da aka turo mana bana ne ya koya mini. Yaron kirki ne, bayan la'asar muke zama da shi, shi da sukundireba, ni da littafin rubutu.

Da muka buɗe ta farko, ƙurar hunturu ta toshe fankar da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, har zanzaro ya yi gini a kusurwa. Muka jona ta, sai kuka take tit-tit-tit, allo baƙi ƙirin. Ya ce wannan kukan magana ce, tana cewa ba ta ga RAM ba. Ya sa na zare shi, wani ɗan siririn faranti kore mai haƙora ruwan zinare, na goge haƙoran da kilinar fensir, na mayar na danna har ya ce ƙas. Wallahi sai ga rubutu a allo! Sai da na yi kabbara, har maigadi ya leƙo.

Yadda na gane abin shi ne, ma'ajiyar da ke ciki ita ce rumbu, RAM kuwa faifai ne da ake ɗebo hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. In an ɗauke wuta, na kan faifai ya zube, na rumbu yana nan. Shi ya sa nake ta nanata wa yara su adana aikinsu kafin solar ta yi sanyi. Akwai kuma wani ɗan batiri zagayayye irin na agogo, CR2032, shi ke riƙe kwanan wata. Duk sun mutu, na sayo sababbi a Ringim.

Af, Sarkin Barci, an ce har tumbi ka ajiye a Legas? Gwaggo ta ga hotonka ta ce ba kai ba ne. Kuma autan gidan Liman an sa ranarsa, bayan an gama girbi. Yarinyar 'yar Taura ce. In ba ka zo ba, ka san abin da za a ce.

To, ƙarfe ya tashi, saura manhaja, don ba babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kwamfuta ba za ta yi maka aikin komai ba. Nan muka yi cirko-cirko. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman RAM aƙalla giga 4, namu giga 2 ne. Sai ɗan bautar ƙasar ya kawo Lubuntu a filas, wani nau'i marar nauyi na babbar manhajar da ake kira Linux, kyauta, ba kuɗin lasisi ba satar fasaha. Wani ɗalibi ne a Finland, Linus Torvalds, ya faro Linux a 1991, kuma Android ɗin da ke wayarka a kansa aka gina ta. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a kai: ɗalibi, kamar waɗanda nake koyarwa.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da zafi ka san shi. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yaranmu kuwa sai ranar jarrabawa suke fara taɓa linzamin kwamfuta. Bara wata yarinya da ta fi kowa lissafi ta dawo tana kuka, lokaci ya ƙare mata tana neman inda za ta danna. Har yau abin yana damuna. Yanzu 'yan ajin ƙarshe layi suke yi, bibbiyu a kan benci, kowa sai ya rubuta sunansa da na garinsu da kansa. Wasu malaman na ganin ɓata lokaci ne tunda ba intanet. Ni ban yarda ba, hannu ya fara sabawa tukuna.

Ga aikinka. Ka daure ka shiga Computer Village a Ikeja ka nemo mini RAM na hannu, DDR3, giga 4, na kwamfutar tebur ba na laftof ba, guda uku. Ka kula kada su ba ka DDR4, tsagar da ke jikinsa ba wuri ɗaya take ba, ba zai shiga ba. Ka sa a gwada a gabanka. In ka samu, ka ba direbobin motar shanu da ke dawowa, za su sauke mini a Gujungu. Kuɗin ka faɗa mini, zan turo.

Ɗan bautar ƙasar ya kusa gama wa'adinsa, shi ya sa nake sauri in kwashi abin da zan iya. Gobe zai nuna mini yadda ake raba ma'ajiya gida-gida kafin a ɗora manhaja.

Inna tana gaishe ka, ta ce man zafin nan ya ƙare. Ka gaida amarya.

Naka,
Malamin lissafi