Ba likitoci kaɗai ke barin ƙasa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka tashi maganar ma'aikatan lafiya da ke barin Najeriya, likitoci da nas-nas ake lissafawa. Ko a 2023, da Majalisar Wakilai ta yi muhawara kan ƙudurin tilasta wa likita yin aikin shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi, ban ji wanda ya tuna da mu ba. Ni injiniyan na'urorin asibiti ne. Shekara tara na yi ina gyaran su a wani asibiti a arewa kafin na taho Ingila a 2021, kuma cikin mu shida da muke ɗakin gyara ɗaya, biyu ne suka rage.

Shigowa ba ta zo da sauƙi ba. Sai da na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, na aika takarduna ofishin ENIC aka auna digirina da nasu, sannan hukumar lafiya ta NHS ta ɗauke ni a mataki na 5, inda yaran da suka gama karatu jiya ke farawa. A gida ni ake ce wa Oga. A nan wata yarinya sa'ar ƙanwata ce ta riƙa sa hannu a takardar aikina har wata shida. Na haɗiye, tunda kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A makona na uku aka kawo min na'urar da ke auna ƙarin ruwa a jijiya, ta ƙi tashi. Na buɗe, na ga kafasita ɗaya, ɗan abin da ke riƙe wuta a jikin allon lantarkinta, ya kumbura. Irin wannan a gida sai in tura yaro Sabon Gari ya sayo, in liƙe da dalma, kafin la'asar ta koma kan marar lafiya. Haka na yi, ina jin kaina, ta kuwa tashi garau. Shugaban sashenmu ya duba, ya yaba kyan liƙin, sannan ya manna mata jar takarda ya ce kada ta koma ɗakin jinya. Wai kamfanin da ya ƙera ta bai yarda a taɓa allon ba, sai dai a sauya shi ɗungurum. Ya tambaye ni: in ta zuba wa jariri maganin da ya wuce kima, wa zai amsa? Ranar ban ci abincin dare da daɗi ba. Har yau ina ganin akwai almubazzaranci a tsarin, domin na ga an zubar da abin da zai yi shekara biyar yana aiki a Kano. Amma tambayar tasa ban samo mata amsa ba.

Abin da nake so masu karatu su sani shi ne, Turawan nan ba su fi mu hannu ba. Wallahi akwai masu gyara a Kano da Zariya da za su koya musu aiki. Da rubutu suka fi mu. Kowace na'ura a asibitin da nake tana da lambarta, tana da tarihinta a kwamfuta tun ranar da aka sayo ta, a jikinta kuma akwai 'yar takarda mai ɗauke da ranar da za a sake gwada ta. Yawancin aikina a kan na'urar da lafiyarta ƙalau nake yin sa: in gwada ko wuta na yoyo ta jikinta, in sauya batir kafin ya mutu, in tabbatar abin da take nunawa shi ne gaskiya. A gida kuwa sai ta mutu ake nemanmu, galibi da dare, dangin marar lafiya na tsaye a kanmu.

Kuma abin da ke kashe su bai taka kara ya karya ba. Na'urar taimaka wa numfashi tana da ɗan ma'aunin oksijin da ke ƙarewa a hankali ko ana aiki da ita ko tana ajiye. In ba a sa kuɗinsa a kasafi ba, injin miliyoyi ya zama kwalliya. Na'urar tace oksijin ƙurar hunturu ke toshe mata soso, wanki kawai yake so. Injin wankin ƙoda ba ya yi sai da tataccen ruwa. Ga kayan tallafi daga Amurka, masu aiki da wuta mai ƙarfin volt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Da idona na ga an jona sabuwar kwalbar jarirai bakwaini kai tsaye, ta yi hayaƙi tun ba a cire mata leda ba. Babu littafinta, babu wanda aka koya wa, kuma ba a kira mu ba sai da ta ƙone. An dai yi bikin miƙa ta, an ɗauki hoto.

Kada wani ya ɗauka daɗi nake kwance a kai. Haya na cinye kaso mai tsoka na albashi, a watan Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi, Sallah biyu na yi ina bakin aiki. Mahaifiyata ta kwanta a asibiti bara, ta waya nake gaya wa ƙanena ya duba ko na'urar da aka sa mata tana da batir in an ɗauke wuta. Ba ta da shi.

Roƙona gare ku, ku tura wakilinku babban asibitin kowace jiha. Kada ya tsaya a ofishin shugaba, ya nemi a buɗe masa sito. Ya ƙirga na'urorin da aka jibge, ya tambayi abin da ya kashe kowace, nawa ne kuɗin gyaranta, da kuma ko an tuntuɓi injiniya kafin a ba da kwangilar sayo ta. In an ce masa makullin na hannun wani da ya fita, ya samu benci ya jira.

Wassalam.

Wani injiniyan na'urorin asibiti,
Leeds, Ingila