Kuɗin talakawan Italiya ne ya samar da wannan magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ake tara kuɗin binciken cututtukan gado da ba kasafai ake ganinsu ba.

A Italiya, tun 1990 gidauniyar Telethon take karɓar gudummawar jama'a ta talabijin, kowa ya jefa abin da ya samu. Da kuɗin nan masu bincike a asibitin San Raffaele na Milan suka tunkari cutar ADA-SCID. Jariri ne ake haifa jikinsa ba ya iya narkar da wani sinadari, sai ya taru ya kashe ƙwayoyin garkuwarsa, har ɗan mura ya zame masa ajali. Suka ɗebi ɓargon yaron, suka gyara ƙwayar halittar gadon da ke jawo cutar, suka mayar masa. Tarayyar Turai ta amince da maganin, Strimvelis, a 2016.

Abin da ya fi burge ni shi ne, da kamfanin da ke sayar da shi ya janye don ba riba, gidauniyar ta karɓi ragamar da kanta a 2023.

Mu da auren zumunci, wanda ke ƙara haɗarin irin waɗannan cututtukan gado, ya yi yawa a gidajenmu, attajiranmu nawa ne suka taɓa tambayar jami'o'inmu me binciken irin waɗannan cututtuka yake buƙata?

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Zariya