Kafin a zargi mai buga riga, a duba yadin da aka kawo masa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da yake ci min tuwo a ƙwarya a sana'ata ta buga rubutu da zane a jikin riguna tishat, irin bugun nan da ake shafa fenti ta cikin raga. Kusan kullum sai ka ji ƙorafi wai rubutu ya dushe ko kala ta canza, kuma mai bugu ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa tun wajen sayen rigar aikin ya lalace.

Kwanakin baya wasu matasa suka kawo min jajayen jesi guda 30, foliyesta zalla, wato yadin roba, suna son suna da lamba da farin fenti. Na ce musu wannan yadin yana da matsala, suka ce ai gasa ta matso ba lokaci. Ranar da suka karɓa rubutu fari fat, bayan kwana 4 sai ga su sun dawo duk ya koma ruwan hoda, wallahi raina ya ɓaci sosai don na san kuɗin nan haɗa shi suka yi da ƙyar.

Ga abin da yake faruwa. Fentin da muka fi aiki da shi, wato filastisol, ba ya bushewa da iska, dole sai an gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos, shi kuma rinin foliyesta da ya ji irin wannan zafin sai ya tashi kamar tururi ya shige cikin fentin, kuma abin takaicin ba lallai ka gani nan take ba, sai riga ta kwana biyu a hannun mai ita sannan ya fito. Ja da ruwan hanta da shuɗi mai duhu su suka fi yin haka. Akwai magani, akwai fentin da yake gasuwa a zafi kaɗan, ko a fara shimfiɗa wani mai launin toka a ƙasa ya tare rinin, amma fa sai mai bugu ya san irin yadin tun da wuri ya tanadi kayan. Rigar da take rabi auduga rabi foliyesta ita ma tana yi, sai dai bai kai na zallar ba.

Auduga ba ruwanta da wannan, shi ya sa muke sonta, tana shan irin fentin nan da ake haɗawa da ruwa har ka shafa hannu ba za ka ji tudun rubutu ba. Amma mai arhar nan mai gashi-gashi, wanki biyu uku sai zaren ya miƙe ta cikin fentin, mutum ya ɗauka bugun ne ya goge.

Sai kalar rigar kanta, nan ne mutane ba sa ganewa ko kaɗan. Zanen da ka gani a waya yana sheƙi, a kan farin fage ka gan shi. Ɗora ruwan ɗorawa kai tsaye a kan shuɗiyar riga ka ga yadda zai karkata zuwa kore, a kan baƙa kuwa ya mutu murus. Dole sai an fara buga fari a ƙasa, a ɗan gasa shi ya kama, sannan a bi da sauran kaloli, kuma kowace kala ragarta daban, ke nan zane mai kala 3 a baƙar riga raga 4 zai ci. Aiki ya ƙaru, fenti ya yi kauri, in zanen babba ne ya rufe ƙirji gaba ɗaya iska ba za ta ratsa ba, mai sawa ya yi ta gumi.

Roƙona ga masu shirya rigunan makaranta ko ƙungiya ko kulob, don Allah kafin ku kwaso riguna da yawa ku duba ɗan ƙyallen nan na wuya ko na gefe ku ga kashi nawa ne auduga, ku kawo guda ɗaya tak tare da zanen a buga, a wanke ta, a ajiye ta kamar mako guda a ga yadda za ta yi, sannan ku sayo sauran.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka wannan jarida.

Naku,
Wani mai buga riguna