Masu "Buɗe" Mota Da Laftof Suna Kashe Mana Injina A Karkara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da abokan aikinka, dan Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai tun watan Afrilu. Ni bakanike ne, garejina yana bakin titi a yankin Taura, ba nisa da Gujungu, shekara 20 da ɗoriya kenan ina wannan sana'a, tun zamanin kafireto, tun muna saita Fijo 504 da J5 da kunne da sukudireba kawai.

Akwai ɗan yayata da yake jan Sharon ta haya, ba tashi bace, ta wani bawan Allah ce yake kai masa balas duk yamma. Mai injin fetur ce 1.8 mai tobo. Wata Litinin ya shigo gareji yana ta fara'a yace min "Kawu an buɗe min mota." Nace an buɗe ta kamar yaya, ƙofa ce ta maƙale? Yace a'a, wani yaro ne a cikin birni ya jona laftof a ƙarƙashin sitiyari, ko minti 30 ba'a yi ba ya sake mata firogiramin, yanzu in ya taka totur sai kace jirgi, kuma ance masa har mai zata rage sha. Naira 40,000 ya biya, daga aljihunsa, mai motar bai sani ba. Na karɓi makulli na ɗan zaga da ita, gaskiya ba ƙarya motar ta ƙara kuzari, amma da na haura giya ta huɗu na danne sai naji wata ƴar ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Nace masa yaro ka koma a mayar maka da ita yadda take. Yace Kawu ai ku mutanen da ne, baku san kwamfuta ba.

Sati uku tsakani, ranar Alhamis ya ɗebo lodi daga kasuwar Maigatari, mutane maƙil ga buhuna a but ga wasu a sama, rana tsaka, irin zafin nan na bazara da yake haura digiri 40, tsakanin Gumel da Gujungu motar tayi tari ta tada farin hayaƙi ta tsaya. Da igiya aka jawo min ita. Da na sauke tof silinda sai ga fistan ɗaya gefensa ya narke kamar an sa masa wutar walda, ringi ya karye ya kakkarce silinda. Wallahi na daɗe ina kallon fistan ɗinnan ban ce komai ba, shi kuma yaron yana tsugune a gefe ya haɗa kai da gwiwa yana tunanin me zai gaya wa mai mota.

Malam Edita bari in ɗan yi bayani yadda direba zai gane, don yawancinsu abin da aka gaya musu kawai shine "kamfani ne ya ɗaure motar, mu kuma kunce ta zamu yi". Kowace mota ta zamani tana da abin da muke cewa birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota. A cikinta akwai lissafi da aka rubuta, na yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai bada wuta, in kuma mai tobo ce harda iya iskar da za'a bari tobo ya tura cikin inji. Shi tobo hayaƙin salansa ne yake juya shi, yana iya juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, ya matso iska ya cusa. Iska da yawa da mai da yawa shine ƙarfi, amma kuma shine zafi. Akwai wata ƴar ƙofa a jikinsa da take buɗewa ta saki hayaƙin in matsin ya kai inda aka tsara. Toh abin da masu laftof ɗinnan suke yi, ta wannan soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin dashbod, shine su kwafe lissafin su canza lambobin, suce wa ƙofar nan kar ta buɗe da wuri, su matso da lokacin wuta gaba, su mayar. Shikenan "buɗewar".

Gaskiya ne kamfani ya bar rara, bai ƙure injin ba. Amma rarar nan don wa aka bar ta? Don irinmu aka bar ta. Don ranar da ka sha mai mara kyau, don ranar da rana ta take, don ranar da ƙurar hunturu ta toshe maka filtar iska, don ranar da ka wuce lokacin juye baƙin mai da sati biyu saboda babu kuɗi. Bature da yake ƙara wa motarsa ƙarfi yana da mai lamba 95 da lamba 98 (lambar juriyar fetur ga matsi da zafi) a gidan mai ya zaɓi wanda yake so, garinsu da sanyi, shi kaɗai ne a motar ko shi da matarsa. Fayil ɗin da yaran nan suke saukowa daga intanet yawanci don wannan mutumin aka rubuta shi. Mu kuwa fetur kala ɗaya ne a famfo, duk abin da tanka ta kawo shi zaka sha, in dare yayi maka a ƙauye kuma sai na bumburutu a galan wanda Allah kaɗai ya san me aka haɗa a ciki. Ko an manta watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Beljiyam, motoci suka dinga lalacewa, layi ya dawo gidajen mai? Motar da aka ƙure ta ba ta da inda zata ja da baya in irin wannan ya same ta.

Yaron da yayi aikin wai ya gaya wa ɗan yayata cewa irin wannan injin ɗin ne a cikin Audi TT yake bada ƙarfin doki 225, alhali a Sharon an bar shi a 150, don haka ba komai. Rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ta fi ƙarya cutarwa a wannan sana'ar. Eh asalin injin ɗaya ne, amma na Audi ɗin tobonsa ya fi girma, na'urar sanyaya iskarsa guda biyu ce, kuma mota ce ƙarama. Ba'a ƙera ta don ta ɗauko fasinja goma da buhun gero daga Maigatari ba.

Ƙarar nan da naji ranar farko, ita ce alamar man yana fashewa da kansa ba a kan ƙa'ida ba saboda zafi da matsi sunyi yawa. Akwai sansa a jikin bulok da aikinta kenan, taji wannan ƙarar ta gaya wa birenbos ya ja wuta baya, motar ta ɗan yi sanyi amma injin ya tsira. In kuma abu yayi tsanani motar da kanta take rage ƙarfi ta kunna wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji a dashbod, direba yaji haushi yace mota ta ƙi ja, bai san ceton sa tayi ba. Wasu masu firogiramin ɗin saboda kar kwastoma ya dawo da ƙorafi sai su dushe waɗannan matakan, su goge lambobin matsala gaba ɗaya yadda wutar ba zata sake kamawa ba. Kamar ka samu maigadi yana ihun ɓarawo ne sai ka ɗaure masa baki don ka samu barci. Sannan ga lissafin iska da mai, a ƙa'ida kilo 14.7 na iska ne yake cin kilo 1 na fetur, amma in tobo yana turi sosai dole a ƙara mai fiye da haka don ya sanyaya cikin silinda. Toh motar da ta shekara 20 a duniya, famfon manta ya gaji, nozul rabi a toshe, ka ƙara mata iska ina zata samo man? Sai wuta ta ci fistan. Abin da ya faru da mu kenan.

Kuma mu kanmu makanikai muna da namu laifin, bazan ɓoye ba. Mota tana zuwa daga Kwatano abu na farko sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka dairek, a fasa salansa a cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki, a sayar, wutar cek ta kama a liƙe ta da baƙin salatif, a zuba mata baƙin mai mai kauri na durom alhali tobo siririn mai yake so mai kyau. Direba kuma ya sharo gudu daga Haɗeja ya tsaya a tasha ya kashe nan take, tobo yana jajir, man da ke cikinsa ya ƙone ya zama gawayi, maimakon ya bar ta tayi silo ko na minti 2. A kan wannan gajiyayyar motar ake zuwa a ɗora ƙarin ƙarfi.

Maganar rage shan mai kuwa ita ce tarkon da yafi kama mutane, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta zo ta haura 1,000 a wani lokacin, duk wanda yace wa direba zai rage masa ko lita 3 a rana zai saurare shi. A motar gas, wato dizal, wani lokacin akan ɗan samu sauƙi in aikin mai kyau ne kuma direban mai haƙuri ne. Amma a fetur, ƙarfi daga mai yake fitowa, ba daga laftof ba, kuma wanda yaji motarsa tana tashi ba zai iya ɗaga ƙafa ba. Kar ka yarda da lambar da dashbod yake nunawa, ai daga cikin lissafin da aka taɓa take fitowa. Ka cika tanki, kayi zuwa Kano da dawowa, ka sake cikawa, ka ƙirga da kanka.

Abin da yafi tada min hankali ma ba injin bane. Inji ƙarfe ne, ana sayen wani. An ƙara wa mota gudu amma birkin shine na da, kuloci na da, tayoyin nan ƴan gwanjo da suka gama rayuwarsu a Turai, a titin da shanu suke tsallakawa, yara ƴan makaranta da masu amalanke suna gefe, ranar Lahadi ma in Gujungu tana ci sai ka lallaɓa zaka wuce. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, mu kuma a nan muna biyan kuɗi a ƙara. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san an taɓa ƙwaƙwalwar motar da ya shiga ba, ba kuma wanda ya nemi yardarsa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ba gaba nake da kwamfuta ba. Yarona na gareji yana da ƴar na'urar sikanin da yake haɗawa da wayarsa, sau nawa tana nuna mana sansar da ta mutu cikin minti 5, aikin da da sai mu kwana biyu muna canje-canjen kaya a banza da kuɗin mutane. Kuma shi kansa gyaran lissafin inji ilimi ne na gaske. Manhaja irin su WinOLS da na'urori irin su KESS da K-TAG da kamfanin Alientech na Italiya ya ƙera, ƙwararru ne suke aiki dasu, su ɗora mota a kan na'urar gwaji, su auna hayaƙi, su auna zafi, su ƙara kaɗan su sake aunawa. Abin da yafi yawa a hannun yaranmu jabu ne na kwaikwayo, da tarin fayil da basu san wanda ya rubuta ba. In batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutawa birenbos ɗin ya mutu kenan, in ka sayo wani kuma sai an haɗa shi da makulli kafin mota ta tashi, wani kuɗin daban. Duniya ma ta ga ƙarfin wannan abu a 2015, lokacin da Amurka ta gano Volkswagen sun sa manhajar da take yaudarar gwajin hayaƙi, motoci kusan miliyan 11. Abin da ya girgiza kamfani irin wannan bai kamata ya zama wasan yara a bakin titi ba.

Rokona ga manya shine a koyar da abin nan yadda ya kamata. Muna da Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga hukumar NADDC da aka ɗora wa harkar motoci, a buɗe mana gajerun kwasa-kwasai da Hausa, na sati biyu ko wata ɗaya, mu tura yaranmu, mu ma masu furfura mu zauna a benci mu koya. Yaran nan masu laftof suna da kai, neman halak suke, wanda zai nuna musu iyakar abin ne babu. Shugabannin ƙungiyarmu ta NATA da na direbobi NURTW kuma su sa doka a tasha, motar haya mai ɗaukar rai kar a ƙara mata ƙarfi, in kuma dole sai an taɓa birenbos saboda gyara to mai mota ya sani, kuma a baiwa direba asalin fayil ɗinsa a filash ya ajiye.

Wannan na ƙarshen nake so direbobi su riƙe, don da muka koma wajen yaron neman asalin lissafin motar ko don injin da za'a saka, cewa yayi bai ajiye ba, ya rubuta sabon a kai. Kaga yanzu bayan inji sai mun nemi wani birenbos ɗin ma, don bazan ɗora sabon inji a kan wancan lissafin ba. Na je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano sau biyu ina tambayar farashi, kuɗin ya fi ƙarfin yaron nesa ba kusa ba. Mai motar mutumin kirki ne, da dattawa suka sa baki ya yarda a raba asarar biyu, yayata ta sayar da tumakinta guda uku ta kawo, sauran muna ta haɗawa. Motar tana nan ƙarƙashin darbejiyar gareji na rufe ta da tamfol, shi kuma ɗan yayar tawa yana bin wata Hummer a matsayin kwandasta kafin Allah ya kawo mafita.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani bakanike daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.