Mu Duba Halin Matar da Ake Cewa "Tana Gida, Ba Ta Aikin Komai"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi magana kan matan da ke zaman gida suna raino, waɗanda idan aka tambayi mazajensu sai su ce "ai ba ta aikin komai".

Sabon jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, dare da rana. Ga girki, ga wanki, ga shirya yara makarantar boko da Islamiyya, ga hidimar dangin miji. A lokacin jego akwai mai taya ta. Da an yi arba'in, mai zaman jego ta tattara kayanta, 'yan barka sun ɗauke ƙafa, sai nauyin ya dawo kanta ita kaɗai, a daidai lokacin da aka daina tambayarta ya jiki.

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa sukan wuce cikin mako biyu. Idan abin ya zarce haka, ta daina cin abinci, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi barci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, wannan ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Mu kuwa sai mu ce mata "ki yi haƙuri, kowa haka ta yi", ko mu ce iska ce. Daga nan ta yi shiru don kada a ce ba ta da godiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Uwa tana kai jariri rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14. Ma'aikaciyar lafiya ta riƙa tambayarta a keɓe, ba a gaban surukarta ba: kina samun barci? Kina yawan kuka? Maigida kuma ya karɓi jariri bayan an shayar da shi domin ta samu barcin awa uku a jere, ya ba ta kuɗin kanta ban da na cefane, ya bar ta ta je ganin gida.

Idan ta fara jin muryoyi, ko tana maganar cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai. A kai ta asibiti a ranar: akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha.

Wassalam.
Mai karatu, daga Kano